Tseren farko bayan hunturu a Solent: a jefa jirgi ruwa a Maris ko a jira Mayu?

Malam Garba: Assalamu alaikum jama'a. Kulob-kulob na kudancin Ingila sun fara fitar da sanarwar buɗe kakar tsere. Na Warsash, wanda ke bakin kogin Hamble, ranakun Lahadi yake yin nasa tsakanin Maris da Afrilu, kuma shi ke sauko da jirage da yawa na Solent (mashigin tekun da ke tsakanin kudancin Ingila da tsibirin Wight) daga kan tudu. Abin da nake so mu tattauna: jirgin filafili da ya yi wata huɗu ko biyar a jingine a yadi, da mutanen da rabonsu da jan igiya tun Oktoba, ya dace su shiga tseren Maris ko su dakata sai Mayu? In kuma za a shiga, me ake fara dubawa? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, akwai sababbi a zauren.

Ɗanlami: Wa'alaikumus salam Malam. A shiga mana. Iskar Maris da Afrilu ta fi ta tsakiyar Yuli ƙarfi, ruwa babu cunkoson masu yawon hutu, kuma wanda ya jira Mayu zai tarar abokan karawarsa sun yi Lahadi biyar ko shida suna gyara kurakuransu. Hannu ba ya komawa daidai a falo.

Dakta Halima: Ɗanlami, ka yi maganar iska ka tsallake ruwa. Teku tana jinkirin yin sanyi, tana jinkirin yin ɗumi. Shi ya sa ruwan Solent ya fi sanyi a ƙarshen Fabrairu da Maris, wajen digiri 8, alhali a Agusta yakan kai 17 ko 18. Sai a wayi gari a Afrilu rana ta fito, mutum ya cire jaket, amma ruwan da ke ƙarƙashinsa ko digiri 10 bai kai ba.

Kuma mutane suna ɗauka sanyin da ke ratsa jiki a hankali ne ke kisa. A'a, minti na farko ne. Da zarar ruwan da ke ƙasa da digiri 15 ya taɓa fata, mutum zai ja wani dogon numfashi ba da son ransa ba, haki ya biyo baya, bugun zuciya ya hau. In kansa na cikin ruwa lokacin wannan jan numfashin, ruwa ya zuƙa. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth ya daɗe yana bincike a kan wannan. Akwai kuma ƙa'idar 1-10-1 ta Gordon Giesbrecht na Kanada: minti 1 na shawo kan numfashi, minti 10 da hannu da ƙafa za su yi aiki, awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Minti goman nan su ne abin lura, domin bayansu yatsu ba sa riƙe igiya, balle a hau tsani. Iya ruwa fidda kai, amma a digiri 8 gwanin iyo ma rigar ceto ce ke fidda shi.

Ɗanlami: Dakta ban musa ba. Amma wannan hujjar sa riga ce, ba hujjar zama a gida ba.

Dakta Halima: Na yarda. In dai rigar tana aiki.

Sadiya: Anti, yaya ake sanin tana aiki? Irin mai kumbura da kanta nake nufi.

Dakta Halima: Ki buɗe ta gaba ɗaya ki shimfiɗa. Ki kwance ɗan tulun gas ɗin, ki duba bakinsa ko a huje yake, ki duba tsatsa. A jikinsa an buga nauyinsa duka, ki ɗora a sikelin kicin; in ya gaza abin da aka rubuta, gas ya zurare, a sauya. Riga mai ƙarfin ɗaga mutum a ruwa 150N (N ma'aunin ƙarfi ne) tulun giram 33 take ɗauka, mai 275N kuma na giram 60, kada a musanya. Sai ɗan harsashin da ruwa ke narkarwa ya fasa tulun, yana da ranar ƙarewa a jikinsa, kuma danshin hunturu a cikin kabad yana lalata shi tun kafin ranar. Daga nan ki hura rigar ta bututun baki (famfon hannu ya fi, don kada danshin numfashi ya shiga), ki ajiye ta awa 24 a ɗaki mai ɗumi ɗaya. In ta saki, ta tashi aiki. Lokacin mayar da tulun a ɗaure shi tam da hannu, sakakken tulu shi ne laifin da aka fi samu. Abu na ƙarshe, ɗamarar da ke bi tsakanin cinyoyi. In babu ita rigar sama take yi, ta rufe fuska, mutum ya zame ƙasa.

Injiniya Bala: Ni nawa ra'ayin, tambayar Malam Garba ba ta wata ba ce, ta jerin aiki ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya gama aikin tudu ya shiga a Maris, wanda bai gama ba ko Yuni ne bai shirya ba. Ku fara da abin da ba a iya taɓawa in jirgi ya sauka ruwa.

Na ɗaya, bawul-bawul ɗin da suka ratsa cikin jirgi: na ruwan sanyaya inji, na banɗaki, na wurin wanke-wanke. Kowanne a buɗe a rufe sau da yawa. A kankare jikinsa kaɗan da wuƙa. In ƙarfen ya fito ja-ja kamar ruwan hoda maimakon rawaya, tutiyar da ke cikinsa ta zube, ya zama kamar biskit, a cire shi. Kowane tiyo da ke ƙasa da layin ruwa a sa masa kilif biyu na sitenles, kuma a ɗaure turken katako mai tsini kusa da kowane bawul don toshe ramin in ya karye.

Na biyu, dunƙulen tutiyar da ake ɗaurawa a sandar farfela da cikin jirgi don gishiri ya ci shi maimakon ya ci farfela. In rabinsa ya tafi a sauya. Kada a shafa masa fenti, ya daina aiki kenan. Na tutiya na ruwan gishiri ne, na magnesiyam na ruwan daɗi, na alminiyam yana ɗaukar gaurayen bakin kogi irin Hamble. In aka ga bai ci ko kaɗan ba bayan shekara guda, ba abin murna ba ne, alama ce ba ya haɗe da ƙarfen da ya kamata ya kare.

Na uku, a kama majuyin jirgi (allon da ke juya shi a ruwa) a girgiza hagu da dama, a duba inda kil (nauyayyen fiffiken da ke ƙasan jirgi) ya haɗu da jikin jirgi. Tsaga mai zubar da ruwan tsatsa a nan, a kira mai duba jirage kafin a yi maganar tsere.

Alhaji Mudi: Injiniya ka bar fenti, shi ne kuwa ke cin kuɗi. Ga lissafin da ake yi wa jirgi mai siririn kil: tsawon layin ruwa, a ninka da faɗi haɗe da zurfi, a raba biyu. Jirgi mai ƙafa 30, a ce layin ruwa mita 8, faɗi mita 3, zurfi 1.7. Takwas sau 4.7 ya ba da 37.6, rabinsa wajen murabba'in mita 19. Lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 10, shafi biyu kenan lita 4, sai a ƙara shafi na uku a layin ruwa da goshin kil da majuyi inda ruwa ya fi gogewa. Gwangwani biyu masu lita 2.5 sun isa.

Matsalar Maris ita ce raɓa. A shafa da hantsi bayan jiki ya bushe, kada a shafa da la'asar, sanyi zai sauko kafin ya kama, shekara mai zuwa ya ɓare kamar ɓawon albasa. A karanta mafi ƙarancin zafin da aka rubuta a gwangwanin. Kuma tsohon fentin nan guba ne, da jiƙaƙƙiyar samfefa ake goge shi, ba a busasshe ba, da safar hannu da abin rufe hanci.

Ɗanlami: Alhaji mai tauri za a sa ko mai zubewa?

Alhaji Mudi: Mai zubewa da kansa ya fi wa jirgin da ke zaune a ruwa wata bakwai ba mai kula da shi. Mai tauri na masu tsere ne da gaske, domin ana iya sulɓe shi da samfefa lamba 400 zuwa 600, amma sai ana wanke shi a kai a kai, kuma yana taruwa shekara bayan shekara har sai an kankare duka.

Injiniya Bala: Ƙari ɗaya. Jirgin da ƙafar farfelarsa ta alminiyam ce, kada fenti mai jan ƙarfe ya taɓa ta, zai cinye ta. Akwai nata fentin daban. Robar da ta rufe ramin ƙafar kuma, Volvo shekara 7 suka ce a sauya.

Sadiya: Yaya Injiniya, jirgin filafili ne ai. Me ya sa ake damuwa da inji haka?

Injiniya Bala: Ƙanwata, domin daga marina, wato wurin ajiye jirage a ruwa, zuwa layin farawa inji ne ke kai ki, kuma in mutum ya faɗa ruwa shi ne ke komawa da ke wurinsa. Abu biyu ke kashe shi a fitar farko. Na farko fankar robar da ke cikin famfon ruwan sanyaya. Ta kwana wata biyar a lanƙwashe wuri ɗaya, fukafukanta sun sandare. A buɗe murfin, a zaro ta, a ƙirga fukafukan. In ɗaya ya ɓace sai an bi tiyo an nemo shi, galibi yana maƙale a bakin na'urar sanyaya ruwa, in an bar shi inji zai riƙa zafi ba a san dalili ba. Sabuwar a shafa mata gilisarin ko sabulun wanke kwano, ban da giris na fetur, yana kumbura roba. Inji na tashi a leƙa salansa, in ruwa bai fito ba cikin daƙiƙa 20 zuwa 30 a kashe. Sau da yawa ma bawul ɗin ne aka manta a rufe.

Na biyu man dizal. Tankin da aka bari rabi, gumi yana taruwa a bangonsa ya gangara ƙasa, a tsakanin ruwan da man wasu ƙwayoyin halitta suke girma su zama baƙar majina. A marina inji zai yi ta aiki lafiya, domin dattin yana kwance. Ana fita igiyar ruwa ta girgiza tanki, filta ta toshe, inji ya mutu a daidai bakin kogi inda aka fi buƙatarsa. A zuƙo kaɗan daga gindin tanki a kwalba mai haske a gani, a sauya filta biyun, a fitar da iska daga layin mai, a ajiye filta ɗaya ta ko-ta-kwana da sifanar da ke kwance ta. Batir kuma a auna bayan ya huta: bolt 12.6 zuwa 12.7 cike yake, 12.2 rabi, in ya kwana ƙasa da 12 duk hunturu kada a dogara da shi.

Malam Garba: Madalla. Turken filafili da wayoyin da ke riƙe shi fa?

Injiniya Bala: Wayar sitenles ba ta tsinkewa a tsaka, a bakin inda aka matse ta cikin ƙarfe take mutuwa, musamman na ƙasa, inda ruwa ke kwanciya ya daskare ya buɗa. A goge wurin, a duba da madubin ƙara girma. Siririyar tsaga ko zare ɗaya da ya fita, wayar ta gama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Kowane fin a tabbatar da tsinken da ke kulle shi yana nan, an buɗa ƙafafunsa, an naɗe da tef don kada ya yaga filafili.

Wajen ɗaurewa, kamfanin Seldén yana da hanya mai sauƙi ga waya mai zare 19. A sassauta wayar, a manna ma'auni mai mita 2 a jikinta daga sama, ƙasansa ya tsaya dab da bakin matsewar. Duk milimita 1 da tazarar ta ƙaru yayin ɗaurewa, kashi 5 cikin 100 ne na ƙarfin da zai tsinka wayar, ko mene ne kaurinta. Manyan wayoyin gefe kashi 15 ake nema, wato milimita 3. A riƙa juya na hagu da na dama daidai wa daida, ana leƙa kwarin turke daga ƙasa ya miƙe sak. Sauran gyaran a ruwa ake yi: iska not 12 zuwa 15 (not ma'aunin gudu ne a teku), a duba wayar gefen da iska ba ta bugawa, in tana lilo a ƙara.

Alhaji Mudi: Maganar a sauya wayoyi duk shekara 10 ni ban gamsu da ita ba. Jirgin da ke fita Lahadi goma sha biyar a shekara ba ɗaya yake da mai ƙetare teku ba.

Injiniya Bala: Ranka ya daɗe, turken da ke tsaye a marina iska tana kaɗa shi dare da rana, ƙarfe yana gajiya ko jirgi bai motsa ba. Sannan kamfanonin inshora da yawa da shekara 10 suke aiki. In turke ya faɗi da waya mai shekara 14, wa zai biya?

Alhaji Mudi: Wannan hujjar aljihu ce, ba ta ƙarfe ba. Amma na karɓa.

Ɗanlami: Winci, wato na'urar jan igiya, kada a manta. A kwance shi a cikin kwali da aka huda tsakiyarsa don kada sifirin ya yi tsalle ya faɗa ruwa. A wanke da kananzir. Giris kaɗan a haƙoran giya da boris, amma 'yan harsunan da ke hana shi komawa baya mai mara kauri ake ɗiga musu. In aka sa musu giris, sanyi ya daskarar da shi, su manne, winci ya juya baya da hannunsa, nan ake karya yatsa. Kuma a rage filafili da wuri, iskar sanyi ta fi nauyi, not 15 na Maris kamar 20 ne na Agusta.

Injiniya Bala: Winci daidai, amma lissafin iska ka zarce. Iska a digiri 5 nauyinta kilo 1.27 ne a kowace kubik mita, a digiri 25 kuma 1.18. Bambancin kashi 7 cikin 100 ne kawai. Abin da ke kwantar da jirage a Maris da Afrilu bugun iska ne, wanda ke saukowa kwatsam tare da gajimaren yayyafi. Ƙarfin da ke kan filafili yana bin gudun iska ninki cikin ninki: daga not 15 zuwa 21 ya ninka biyu. Saboda haka a hasashen yanayi a duba lambar bugu, ba matsakaicin ba. Yawancin jirage masu ƙafa 30 suna son naɗin farko na rage filafili wajen not 16 zuwa 18. Jirgin da ya karkata fiye da digiri 25 yana jan majuyi a karkace, birki ne yake ja, hayaniya ce kawai ba gudu ba. A zura igiyoyin naɗi tun a marina, a gwada su, domin waɗanda aka mayar bayan hunturu sau da yawa a harɗe suke.

Alhaji Mudi: Duk wannan shirin, wanda bai san gudun ruwan Solent ba na baya zai zo. Babbar cikar teku tana zuwa bayan tsayuwar wata da kuma bayan cikarsa da kwana ɗaya ko biyu, kuma waɗanda suka faɗo kusa da 20 ga Maris suna cikin mafiya girma a shekara. A mashigar Hurst gudun ruwa yana wuce not 4. Ko not 2 ma, mita 1 ne a daƙiƙa, mita 60 a minti guda. In ruwa yana tura ka zuwa layin farawa, minti ɗaya kafin ƙaho kana ganin kana da tazarar jirgi shida, alhali ba ka da komai. Ka je kusa da tulun alama ka ga inda ruwa ke jan sa kafin ka tsara komai. Ƙa'idar kuwa tsohuwa ce: in ruwa na gāba da kai bi gefe inda ba zurfi, in yana tare da kai shiga tsakiya. A gefe ne kuma yake fara juyawa.

Masu lissafin zurfi da ƙa'idar kashi goma sha biyu, wato hawan ruwa kashi 1, 2, 3, 3, 2, 1 awa bayan awa, su ajiye ta a nan. Southampton cika biyu take yi a jere, ruwa ya daɗe a sama sannan ya janye da sauri. A yi amfani da zanen cikar da ke cikin almanak. Tudun yashin Bramble yana tsakiyar fagen, a babbar janyewa yana fitowa fili har kulob biyu suke buga kurket a kansa sau ɗaya a shekara. Katafaren jirgin fasinja QE2 ma ya taɓa shi a 2008, balle mai kil mita 2.

Hajiya Rabi: Alhaji ka ƙara da manyan jirage. A yankin taka-tsantsan da ke tsakanin Cowes da Calshot, duk jirgin da ya wuce mita 150 yana tafe da haramtaccen fili, mita 1000 a gabansa da mita 100 kowane gefe. Ƙaramin jirgi ba ya shiga, ko yana kan gaba a tsere. Kwamiti na iya korar sa, hukumar tashar kuma tana da nata hukuncin.

Sai dokoki, tunda a tseren farko ne ake ganin an manta su. Hukumar tseren filafili ta duniya, World Sailing, tana sabunta littafin duk shekara huɗu, na yanzu na 2025 zuwa 2028 ne. Farawa: minti 5 tutar ajinku ta hau, minti 4 tutar shiri ta hau, minti 1 ta sauka da dogon ƙaho, sifili tutar aji ta sauka. Lokaci daga tuta ake ɗauka, in ƙaho bai yi kuka ba ba uzuri ba ne. Daga tutar minti 4 an shiga tsere, inji ya daina tura jirgi. In wani ya ƙetare layi da wuri za a ɗaga tutar X da ƙaho ɗaya, ya koma bayan layi gaba ɗaya yana kauce wa kowa. Ƙaho biyu da tutar maye ta farko, kowa ya dawo. In aka sa baƙar tuta kuwa, wanda ya shiga gaban layi a minti na ƙarshe ya tafi gida kawai. Tutar Y na nufin kowa ya sa rigar ceto, kuma rigar roba ta sanyi ba ta shiga lissafi.

Sadiya: Hajiya in jirgi biyu suka nufi juna wa ke kaucewa?

Hajiya Rabi: Huɗu za ki haddace, 'yata. Wanda iska ke shigo masa ta hagu yana kauce wa wanda take shigo masa ta dama, doka ta 10 kenan. In gefe ɗaya take shigo musu kuma sun jeru, na saman iska ke kaucewa, ta 11. In ba su jeru ba, na baya ke kaucewa, ta 12. Mai juya goshi yana kauce wa kowa har ya daidaita, ta 13. A tulun kwana akwai da'ira mai tsawon jirgi uku; in na ciki ya jeru da ke lokacin da na farkonku ya shiga da'irar, ki ba shi wuri. Kuma ko gaskiya na gare ki doka ta 14 ta hana ki bari a yi karo in kina iya kaucewa. Wanda ya taɓa tulu juyi ɗaya, wanda ya tauye wani juyi biyu, a fita daga cikin jama'a a yi nan take, ba a bari sai an ga ko wani ya lura. Mai kai ƙara ya ɗaga murya da kalmar ƙara, wato Protest, a lokacin, jirgin da ya wuce mita 6 kuma ya ɗaga jar tuta. Jar tutar da ke ƙasan jaka ta sha rushe ƙara mai gaskiya.

Ɗanlami: Gefen layi da ya fi: a tsaya a tsakiya a fuskanci iska sak, ƙarshen da goshi ya fi karkata gare shi shi ne mai riba. Karkatar digiri 5 a layi mai mita 200 mita 17 ce kyauta.

Hajiya Rabi: Kyauta ce in kai kaɗai ka gani. Kowa can zai taru, mutanenka kuma hannunsu bai dawo ba. A Lahadin farko gara a bar mita 17 ɗin a fita da iska mai tsabta daga kashi ɗaya cikin uku na layin.

Sadiya: To yaya ake gane wanda ya ci, tunda jiragen ba girma ɗaya ba?

Hajiya Rabi: Ƙananan kwale-kwale da lambar Portsmouth ake musu, wadda RYA, hukumar wasan a Birtaniya, ke sabuntawa farkon kowace shekara. Lokacin da aka ɗauka sau 1000, a raba da lambar. ILCA 7, wadda aka fi sani da Laser, lambarta kusan 1100 ce. In ta gama a minti 55, daƙiƙa 3300, ya koma 3000. Wani mai lamba 1000 da ya gama a minti 51 yana nan a 3060, ya riga ta isowa amma ta cinye shi. Manya kuma tsarin IRC ake bi, lokaci ake ninkawa da lambar jirgi: mai 0.950 da ya yi minti 120 ya koma 114, mai 1.020 da ya yi 113 ya koma sama da 115. Takardar IRC shekara-shekara ce, in an sayi sabon filafili a hunturu sai an sanar. Masu neman ta a makon tsere su ke cika ofis da waya.

Malam Garba: Masu ƙananan kwale-kwale fa, Ɗanlami? Su ne ke kifewa.

Ɗanlami: Su kifewa cikin wasan take, don haka tufafi ne farko: rigar roba mai kauri milimita 5, ko wadda ruwa ba ya shiga da sutura mai ɗumi a ciki, hula, safar hannu, da rigar taimakon iyo mai 50N a sama. Auduga ko kusa. A duba robar murfin ɗakunan iska da toshiyar baya, a hura iska kaɗan a shafa ruwan sabulu a gaɓoɓi, inda ya yi kumfa nan ke yoyo. A ja maɗaurin ƙafa da ƙarfi, rana da sanyi suna cin ɗinkinsa. Majuyi ya kasance da makullin da zai hana shi zarewa in jirgi ya kife. Boris na tayar tirela ma a juya a saurara. In an kife, kada a saki jirgi a ce za a yi iyo zuwa gaɓa. Mai tuƙa jirgin ceto kuma igiyar kashe inji ta kasance a cinyarsa, ya kashe inji in ya zo dab da mutum.

Alhaji Mudi: Mutanen Lagos Yacht Club da ke can tun 1932 suna karanta mu suna dariya, su da ba su san hunturu ba. Sai dai ruwan ɗumi ya fi saurin tsirar da gansakuka a cikin jirgi, kowa da nasa.

Dakta Halima: Kafin a watse, manyan jirage su ware awa ɗaya kafin tseren farko su gwada ɗauko mutum. A jefa fenda (robar da ke kare gefen jirgi) da aka ɗaura wa bokiti a madadin mutum. Mutum ɗaya ba ya yin komai sai nuna wurin da hannu. A tabbatar babu igiya a ruwa kafin a tada inji, in ba haka ba ta naɗe farfela. Isa wurin shi ne mai sauƙi. Mutum mai kilo 80 da jiƙaƙƙun kaya, gefen jirgi mita guda sama da ruwa, shi kuma hannunsa ya mutu, mutum biyu ba sa jawo shi. Igiyar ɗaga filafili ake maƙala wa madaukin rigarsa a ja da winci, don haka a auna tun yanzu ko tana kaiwa ruwa. In da hali a ɗago shi a kwance, domin wanda ya daɗe a ruwan sanyi in aka tsayar da shi jini yana sauka ƙafafu ya suma. A kira tasha ta 16 ta rediyo, wato ta neman agaji, tun da farko, in an same shi a soke kiran.

Ɗanlami: Kenan Dakta kin yarda a shiga a Maris.

Dakta Halima: Wanda ya gwada wannan ya ga igiyarsa ta kai, ya shiga. Filafilin balo dai, babban nan da ake ɗagawa in iska na baya, a bar shi a jaka in bugu ya wuce not 20.

Injiniya Bala: Gwajin rediyo a yi shi da masu sa ido na National Coastwatch a tasha ta 65, kada a cika ta 16 da shi. Wutar neman agaji ma tana da ranar ƙarewa a jiki.

Alhaji Mudi: Kuma Lahadin ƙarshe ta Maris agogon Birtaniya ke matsawa gaba da awa ɗaya, ranar tsere ce cur. Jadawalin cikar teku da yawa a agogon GMT aka buga su, daga ranar sai an ƙara awa. A duba kan shafin a ga wanne aka rubuta.

Hajiya Rabi: Kwamiti da sabon agogo zai busa ƙaho, Alhaji, ko jirgi uku ne a layin.